Daren Alhamis a Tsohuwar Masaƙa

Ƙarfe biyar duhu ya riga ya rufe Lodz.
Na sauka daga tarago, ƙanƙara na narkewa a wuyan rigata,
na hau hawa na uku na ginin jan bulo
inda kakata Bogumila ta tsaya shekara talatin da ɗaya gaban injin saƙa
har kunnenta na hagu ya yi ritaya kafin ita.
Yanzu kujeru ne masu taya, da wayoyin caji,
da kofi mai ɗaci da ba wanda ya yarda shi ya dafa.

Mu ashirin da bakwai ne yau.
Masu rubuta manhaja, da wata akanta, da mai kamfanin motocin daya,
da wani dattijo da gari a bakin hannun rigarsa.
Na gan shi, na sunkuyar da kai.

Dobrawa ce ke jan zaman.
Ba ta zo da dogon jawabi ba, kwabbai ta zube a tebur, guda ashirin.
Ta ce kowa ya juya su duka kafin ya miƙa wa na gaba.
Muka juya. Na ƙarshen layi ya yi hamma, ya duba agogo.
Ta ce to, biyar-biyar.
Sannan ɗai-ɗai.
Kwabo na farko ya isa ƙarshe kafin in gama share tabarau.
Wani ya yi dariya irin ta wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

Sai dattijon ya ɗaga yatsa.
Zdzislaw sunansa, gidan burodi uku gare shi.
Ya ce, ni ban san sunayen da kuke ba abin nan ba,
amma tiren farko na fita ƙarfe huɗu na asuba,
in ɓawon ya ƙone, na biyu ba zai ƙone ba.
Wata goma sha huɗu ke nan ina jiran manhajar karɓar oda.
Kullum a ce saura kaɗan.
Ko gutsure ba a ba ni na ɗanɗana ba.

Bai kalle ni ba. Gara ma da ya kalla.
Ni ce saura kaɗan ɗin.
Allonmu a ofis layi uku ne: za a yi, ana yi, an gama.
Na tsakiya ya cika ya batse kamar tarago a safiyar Litinin,
na ƙarshe fes, ko ƙuda bai sauka ba.
Mun cusa taura tara a baki, muna mamakin ciwon muƙamuƙi.

Kakata ta taɓa ce min,
zare ɗaya in ya tsinke, tsayar da injin take,
ko shugaban aiki zai fasa maƙogwaro da ihu,
don yadi ɗari mai rami ba yadi ba ne.
Ina 'yar shekara tara lokacin, hankalina na kan alewar aljihunta.

Da aka zo waiwaye, aka raba 'yan takardu masu gam.
Kowa ya rubuta abu ɗaya da zai sauya, ɗaya tak.
Na rubuta: Litinin, ya ga odar burodi a wayarsa.
Babu launi, babu rahoto, babu komai. Oda kawai.
Na manna a bango.
Gam ba ya son bulo, ta faɗo.
Na ɗauka, na danna da babban yatsa. Ta sake faɗowa.

Zdzislaw ya duƙa da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya karanta, ya ninke ta biyu, ya sa a aljihu.
Ya ce, ƙarfe huɗu nake buɗewa.
Ki zo da kwamfutarki, akwai kujera kusa da tanda.